Daga Kan Kabet Zuwa Kurar 'Yan Gwangwan: Tarihin Bidiyo a Gwarzo da Kabo

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, duk mutumin Gwarzo ko Kabo da ya ce maka ya kalli fim, to ɗayan biyu ne: ko majigi ta zo garinsu, ko shi ya je birni. Majigi ta gwamnati ce. Motar ma'aikatar yaɗa labarai ke kawo ta, a kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar isha'i, a nuna yadda ake noman auduga ko amfanin allurar rigakafi, gari na wayewa ta ƙara gaba. Silima kuwa sai Kano, tafiyar kilomita wajen 70 daga Gwarzo, a bi ta Rimin Gado da Janguza kafin a kai ga su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba da Wapa. Kuma ba wurin da ɗan mutunci zai buɗe baki ya ce ya je ba ne. Tun gobarar silimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, jama'a da dama suka ƙara sakankancewa cewa babu alheri a wurin. Matar aure kam ba ma a zancenta.

Abin da ya rushe wannan katanga wani akwati ne mai nauyi, baƙi ko ruwan azurfa, da aka ƙera a Japan. A 1975 kamfanin Sony ya fito da Betamax. Shekara na zagayowa JVC ya fito da nasa, VHS. Kaset ɗin wannan ba ya shiga wancan, don haka dole ɗaya ya kai ɗaya ƙasa. Masana da yawa sun fi yaba hoton Betamax, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya kacal yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, wato fim guda. Ga shi kuma JVC bai yi rowa ba, ya bar Matsushita mai National da Panasonic, da Hitachi da Sharp da Akai, kowa ya ƙera irin nasa. A 1988 Sony da kansa ya saduda ya fara ƙera VHS. Mu nan ba mu san ana wannan kokawa ba. Abin da muka sani shi ne, wasu masu hali da suka yi saurin saye sun wayi gari da na'urar da babu mai ara musu kaset ɗinta.

Kuɗin da ya sayi waɗannan kaya kuɗin fetur ne. Ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya cika gidaje da rediyo da babur da talabijin, bidiyo ya biyo baya a farkon shekarun 1980. Babbar hanyarsa ta shigowa ita ce aikin Hajji. Alhaji ya dawo da haƙorin Makka da dabino da zamzam da dardumar tsaraba, in kuma guzuri ya yi saura, da kwalin National ɗaure da igiya. A nan Kabo tana da nata hannun, domin Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, kamfanin da daga baya ya yi suna wajen jigilar alhazai, ya kai sunan garin har filin jirgin Jidda. Bidiyon Saudiyya yana da wata daraja ta daban, saboda galibinsa yana karanta kowane irin kaset. Najeriya tsarin PAL take bi, Nijar SECAM irin na Faransa, Amurka kuma NTSC. Kaset ɗin da aka ɗauko daga talabijin ɗin Nijar, in ka saka shi a bidiyon da PAL kaɗai ya sani, sai ya ba ka baƙi da fari, ka yi ta zargin talabijin ɗinka alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma wuta. Bidiyo ba rediyo ba ne da za ka saka masa batir huɗu ka rataya a kafaɗa. Gwamnatin Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, ta dage wajen kai lantarki karkara, ita ce kuma ta kafa CTV 67, tashar da yau ake kira ARTV. Garin da turakun wuta suka isa, bidiyo ya bi su. Inda ba su isa ba, sai mai janareta.

A cikin gida, wurinsa a bayyane yake: kan kabet, ƙarƙashin talabijin, an lulluɓe shi da ƙyalle mai aikin saƙa saboda ƙura, rimot ɗin yana naɗe cikin leda. Yaro ba ya taɓawa. Maigida ne ko babban ɗansa zai tura kaset, a ji ƙarar nan ta ƙarfe na jan zare, allo ya yi shuuu na ɗan lokaci, sannan hoto ya tsaya. Yaran unguwa su cika tabarma, takalmansu tsibi a bakin ƙofa, wanda bai wanke ƙafa ba a kore shi. Waɗanda ba su samu shiga ba su maƙale a taga. Ana tsakiyar faɗan ƙarshe NEPA ta ɗauke wuta, ɗaki ya ɗauki salati, kaset kuma ya maƙale a ciki sai an dawo da ita, ko da kuwa na aro ne mai shi yana jira.

Indiya aka fi kallo, sai Canis, sai na yaƙi irin na Amurka. Ba wanda ke jin Indiyanci, amma kowa ya san Amitabh Bachchan, kowa ya san Dharmendra da ake wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, kuma a kowane ɗaki akwai gwanin da ya riga ya kalla sau biyar, yana fassara wa mutane ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. A ganina babban abin da bidiyo ya yi a yankin nan bai wuce wannan ba: ya kai fim ɗakin matan aure. Matar da ke cikin kulle a Getso ko Garo, wadda ba za ta taɓa taka ƙofar Marhaba ba har ta koma ga Allah, ga shi ta kalli abin da ake nunawa a Marhaba tana tankaɗe. Waɗannan mata su ne daga baya suka zama kasuwar finafinan Hausa, su ke aiken yaro da kuɗin haya, su ke cewa wannan ya yi, wancan bai yi ba. Duk tarihin Kannywood da aka rubuta ba a fara da su ba, an fara shi ne daga tsakiya.

Akwai kuma abin da silima ba ta taɓa iyawa ba, wato ɗauka. Da kaset ɗin E-180, mai cin awa uku, mutum zai kama abin da talabijin ke nunawa ya ajiye. Haka aka riƙa ɗaukar wasan Samanja da na Karkuzu da na Ƙasimu Yero, da tafsirin azumi, da hawan sallar Sarki Ado Bayero, da wasan Mamman Shata, da ƙwallon da Najeriya ta ci zinare a Atlanta a 1996. A gefen kowane kaset akwai ɗan harshen roba da ake ɓallewa don kada a yi ɗauka a kansa. Amma kaset yana da tsada, kuma ɗan salatif ya isa ya toshe ramin. An sha yin rigima a gidaje kan yaron da ya goge bikin yayarsa ya ɗora ƙwallo.

Da aka shiga tsarin SAP na Babangida a 1986, darajar naira ta zube, sabon bidiyo ya gagari ma'aikaci. Sai gwanjo ya maye gurbi, kayan Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, a baje a Sabon Gari. Abin mamaki, a wannan lokaci na matsi ne bidiyo ya fi yaɗuwa, domin tsohon Funai ko Sharp ya sauko inda malamin firamare zai iya kaiwa. A nan ne kuma aka yi asarar na'urori da yawa. Wanda aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 110, in ka jona shi a tamu mai 220 zuwa 240 ba tare da tiransifoma ba, ƙauri kawai za ka ji. Gidajen kallo suka buɗe a garuruwan hanya da ranakun kasuwa: rumfar zana ko ta langa-langa, benci, janareta a baya tana hayaƙi, allo a ƙofa an rubuta fim ɗin yau da alli. Malamai suka yi ta wa'azi a kansu, iyaye suka yi ta zuwa da bulala suna zaƙulo 'yan makaranta, ba a fasa ba.

A daidai wannan zamani masu kyamara suka bayyana. Babbar kyamarar kafaɗa da kaset ɗin VHS ke shiga cikinta kai tsaye ta zama abin da biki ba ya cika sai da shi. Ɗaurin aure, kamu, suna, saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, taron siyasar SDP da NRC, dawowar alhazai, duk sai an kira mai bidiyo, da yaronsa mai riƙe fitila da doguwar waya. Yakan bi sahun mahalarta fuska bayan fuska, kowa ya ƙame yana gyara hula. A lokacin ana ganin ɓata kaset ne. Yau wannan sashen ne ya fi komai daraja, don rabin mutanen da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya.

Daga irin wannan kyamara fim ɗin Hausa na kasuwa ya fito. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, shekara biyu kafin Living in Bondage na kudu da ake yawan cewa da shi aka fara. Gimbiya Fatima ta biyo baya. Marubutan littattafan soyayya suka shigo, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim. Kafin ƙarshen shekarun 1990 abin ya zama sana'a mai cin gashin kanta, da mujallunta, Tauraruwa da Fim, kuma a Tauraruwa ne Sunusi Shehu Daneji ya raɗa sunan Kannywood a 1999. Finafinan Sangaya da Wasila suka zo suka tayar da ƙura, Ibro ya sa ƙauye da birni dariya.

Yadda ake kasuwancin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne dalilin halin da finafinan ke ciki yau. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba. Kwali yake bugawa, wato rigar kaset mai hotunan 'yan wasa, ya kai wa dillalan kasuwannin Ƙofar Wambai da Bata a Kano tare da uwar kaset. Dillali ya sayi kwali gwargwadon yadda yake hasashen fim ɗin zai tafi, ya sayi kaset marar komai da kuɗinsa, ya yi kwafi da kansa. Ɗakin kwafin kuwa bidiyo ne jere a kan katako, an jona su da waya, guda na kunnawa saura na ɗauka, dare da rana, ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi. Dillalan nan sun gwanance tun wajen kwafin finafinan Indiya da na Amurka, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008, haka kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bin diddigin harkar. Daga Ƙofar Wambai kaset zai hau motar Gwarzo, ya sauka a shagon haya, wani ya ara ya jona bidiyonsa da na maƙwabci ya sake kwafa. Kowane kwafi yana rage wani abu. Kafin fim ya kai ƙauyukan bayan Kutama ko Durun, launi ya zube, fuska ta dushe, murya na rawa, ƙasan allo na yagewa. Haka muka kalla, kuma da yawanmu mun ɗauka haka fim yake.

A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai aka ci gaba bisa sharuɗɗa. Amma ba hukuma ce ta kashe kaset ba, faifai ne. Na'urar CD 'yar Cana ta zo da arha, ba nauyi, ba a tariyo baya, kuma faifan bai kai kaset kuɗi ba. DVD ya biyo, sannan dish da ƙwallon Turai suka ƙwace gidajen kallo, sannan waya da masu tura fim a memori, sannan Arewa24 a 2014, sannan YouTube. Bidiyo ya sauka daga kan kabet ya koma ƙarƙashin gado, daga nan ya koma sito. A duniya ma haka. Sony ya daina yin kaset ɗin Betamax a 2016, kuma a watan Yulin shekarar Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya rufe layinsa. Tun daga ranar duk bidiyon da ya mutu, adadin da ya rage a duniya ya ragu da ɗaya.

A Turai da Amurka da Japan akwai masu tara waɗannan na'urori don sha'awa. Suna farautar samfurin farko-farko, irin wanda murfinsa ke ɗagowa ta sama da maɓallai manya da ake dannawa da ƙarfi, su wanke, su gyara, su jera a kanta. A nan wanda ya fi kowa tara tsohon bidiyo shi ne ɗan gwangwan, kuma ba don ya ajiye ba. Yana tura kurarsa lungu-lungu, uwar gida ta miƙo masa National ɗin da marigayi ya zo da shi daga Makka, ya ɗaga ya ji nauyi, ya ba ta abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba, ko ya musanya mata da robar wanki. Da yamma guduma ce za ta raba jan ƙarfe da alminiyam. Kaset-kaset kuwa ba ya ma saye. Yara ke zare zaren su ɗaura a gona don ƙyallinsa ya kori tsuntsu daga gero.

Sauran da suka tsira suna hannun tsofaffin masu gyaran rediyo, waɗanda yaransu duk sun koma gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko haɗa sola. In ka kai wa irin wannan dattijo bidiyon da ya shekara ashirin a sito, ba zai jona shi a wuta ba tukuna. Zai kwance murfi ya busa, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da kashin kyankyaso, wani lokaci har da gidan zanzaro. Sannan ya nufi roba, don ita ke fara mutuwa. Bel ɗin da ke juya ƙafafun kaset yakan saki, ko ya narke ya zama baƙin danƙo da sai an sha wahala da sifirit kafin ya fita. Ƙaramar tayar roba da ke matse zare a jikin sandar da ke jansa takan ƙandare, kuma ita ce ke sa a ce bidiyo ya ci kaset. Girisin da ya daskare a kan hanyar hannayen da ke zaro zare sai an goge an sa sabo. A ɓangaren wuta zai duba kafasito, ya ga wanda ya kumbura ko ya yi yoyo, ya cire da dalma ya canza. Akwai kuma wani ɗan makunni mai zagaye da ke gaya wa na'urar matsayin da take ciki. In ya yi datti sai bidiyo ya ruɗe, ya karɓi kaset ya tofo, ko ya kashe kansa. Mutane da yawa sun zubar da lafiyayyen bidiyo a kan wannan, alhali wanki kawai yake so.

Sai kai. Shi ne gangar nan mai sheƙi da ke zaune a karkace. A tsarin PAL tana juyawa sau 1,500 a minti, zaren mai faɗin rabin inci yana zagaye ta a hankali, bai kai santimita biyu da rabi a daƙiƙa ba, ƙananan ƙwayoyin da ke bakinta suna karanta hoton a layi-layi a gicciye. Ƙwayoyin nan ba su da ƙwari ko kaɗan. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya kusantar su da auduga, don zarenta na iya maƙalewa ya ɓalle su. Farar takarda zai jiƙa da sifirit, ya dafa a jikin gangar da yatsa ɗaya, ya juya ta a hankali da ɗaya hannun, ba ya goga sama da ƙasa. Takardar ta fito da baƙi, ya sake wata, har ta fito fes. In bayan haka hoto bai dawo ba, sai ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, kan ne ya tafi." Babu sabo a kasuwa. Sai dai a nemo wani mataccen bidiyo irinsa a ciro. Shi ya sa shagon irin waɗannan mutane yake cike da gawarwakin na'urori har rufi, matansu na cewa tarkace, su kuwa sun san kowace da abin da za ta bayar.

Kaset ɗin ma yana da nasa ciwon. Ɗakin kwano a watan Afrilu yana gasa shi, damina ta sa masa fumfuna, farin gari-gari da ake hangowa ta tagar robar. In ka tura mai fumfuna cikin bidiyon da aka gama wankewa, cikin minti guda ya sake toshe kan, ya kuma bar wa kaset na gaba cutar. Sai an buɗe shi an bi zaren da ƙyalle mai laushi daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsinke ana iya haɗa shi, a yanke inda ya tauye a liƙa ta baya, a yi asarar daƙiƙa kaɗan a ceci awa uku.

Wanda ya ga wannan wahala zai iya cewa, a kan me? Ai ga YouTube. To, YouTube abin da aka ɗora masa kawai ya sani. Finafinan Hausa na shekaru goman farko a kaset aka yi su, uwar kaset ɗin ta yi ta yawo a hannun dillalai har ta gaji, kamfanoni da yawa sun watse, kuma ba a yi wata ma'ajiya da ta tattara su duka ba. Wasu an mayar da su faifai, wasu kuwa in sun rage, to a cikin kwali suke a ɗakin wata tsohuwa a Kabo, ko a bayan kantar wani shagon haya da ya koma sayar da caja. Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 da kuɗin gwamnati a kan fim na silima, shi ma sai da ya ɓace shekara da shekaru, kafin a tsinto shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa a 2016, a gyara shi da taimakon Jamusawa, a nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan fim ne na littafin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Naɗin dagacin wani gari a ƙasar Gwarzo a 1993, ko saukar karatun wata makarantar allo, babu Bajamushen da zai zo nemansu, kuma kwafinsu ɗaya ne tak.

Hanyar ceto ba ta da wuya, jinkiri ne da ita. Ana jona bidiyon da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai karɓar wayoyin nan na hoto da sauti, a kunna kaset, kwamfuta ta riƙa ɗauka. Ba a gaggauta shi. Kaset mai awa uku sai ya ci awa uku, mutum na zaune yana lura da hoto, in ya fara rawa ya daidaita tirakin. Ana so wuta ta tsaya cak, don haka masu yi sun fi dogara da sola ko inbata. Wanda aka ɗauka a tsarin LP, mai ninka tsawon kaset, yana buƙatar bidiyon da ya san LP, in ba haka ba muryoyi su riƙa gudu hoto na tsalle. Masu ɗaukar biki a Kano da suka ajiye bidiyo ɗaya ko biyu don wannan aiki sukan tambayi mai kaset tun kafin su karɓa ko ya taɓa jiƙewa, su duba tagar su ga ko akwai fumfuna, sannan su ɓalle harshen robar nan na gefe in har yana nan, kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli.